Ku Bar Yara Su Sa Hannu a Kirsimeti

'Ya'yana, ku da kuka fara tara iyali, ku matso in gaya muku wata magana tun Disamba bai yi nisa ba. Na san halin da gida yake shiga a wannan wata. Makarantu sun yi hutu, hunturu ya sauko, uwa tana lissafin kuɗin shinkafa da na tela, uba yana kai-komo tsakanin akuya da kaji, yaro kuma yana riƙe da gefen zane yana tambayar saura kwana nawa. Amsar da ya fi samu ita ce "tashi ka ba ni wuri," ko a miƙa masa waya don a samu sararin aiki. Ban ga laifinku ba, hidimar tana da yawa. Amma idan aka tafi a haka, ranar 25 ga wata za ta zo ta tarar da yaron nan baƙo a bikin gidansu. An sa masa sababbin kaya, an cika masa ciki, an ɗauke shi hoto, amma babu abu ɗaya a gidan da zai nuna da yatsa ya ce shi ya yi. Abin da nake roƙonku ke nan: ku ba shi wannan abu ɗaya.

Ku fara da kara, tunda shi ne a ƙofar gida kuma ba a sayensa. An gama girbin dawa, kara ya bushe, ko a cikin gari kuke ba za ku rasa mai kawo muku dami ɗaya daga ƙauye ba. Iyayenku maza da shi suka yi mota da jirgin sama da tabarau, ba su da gam, ba su da ƙusa. Dabarar ba ta da wuya: a feƙe ɓawon a tsattsaga shi siriri, a yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, sai a riƙa soka ɓawon cikin totuwa, abu ya tashi. Da wannan za ku gina 'yar rumfar da aka haifi Yesu a Baitalami: ƙafa huɗu, rufin ciyawa ko ganyen masara, da ɗan komi a tsakiya. Sai dai ɓawon kara yana yanka hannu, yanka mai zafi kuwa. Feƙewa aikin babba ne. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar a ba shi totuwa ya riƙa miƙowa, ya soka inda aka nuna masa, ya shimfiɗa ciyawa. Ku iyaye maza, nan ne naku wurin. Kada ku ce kun manta. Da kun riƙe kara hannunku zai tuna, kuma ɗanku zai ga wani abu da bai taɓa sanin babansa ya iya ba.

Wannan al'ada ta gina wurin haihuwa tsohuwa ce. A 1223, Faransis na Asisi ya shirya ta a wani kogo a ƙauyen Greccio na ƙasar Italiya. Bai nemi zinariya ko marmara ba. Komi ya sa aka kawo, da ciyawa, da sa da jaki masu rai, don manoman wurin su gani da idonsu irin talaucin da aka haifi Almasihu a ciki. To mu da muke kwana muna tashi da turke da komi da harawa, ai mun fi kowa kusa da wannan labari. Yaron da ke zuba wa akuya dusa kowace safiya ba sai an yi masa dogon bayanin komin dabbobi ba.

Mutanen da dabbobin kuma a yi su da yumɓu. A samo daga bakin rafi ko wurin masu ginin tukwane, a tsince tsakuwa, a kwaɓa shi ya yi laushi, a shimfiɗa buhu a tsakar gida, a cire wa yara riguna masu kyau, a ƙyale su. Nan ne za ku ga abin dariya. Sa zai fito da tozo ya fi kansa girma, jaki zai fito da ƙafa uku, Yusufu zai ƙi tsayuwa sai an jingina shi da bango. Ku danne hannunku. Na sha ganin uwa ta karɓe abin da ɗanta ya gina tana cewa "kawo in gyara maka," ta mayar da shi sumul, ta miƙa masa, shi kuwa ya ajiye ya yi tafiyarsa, don ya riga ya tashi daga nasa. In ƙafar jaki tana karyewa, ku nuna masa yadda ake soka tsinke a ciki ta yi ƙarfi, shi ke nan. A shanya a inuwa, don zafin rana da iskar hunturu suna tsaga yumɓu idan ya bushe da gaggawa. Tumaki kuwa a shafa musu ɗan gam a manna auduga. Ni a ganina nan ne amfanin auduga, ba a kan bishiyar Kirsimeti ba da sunan ƙanƙarar da yaranmu ba su taɓa gani ba. Kuma kada wani ya raina ƙasa. Cocin Saint Bartholomew na Wusasa, kusa da Zariya, da ƙasa aka gina shi a 1929, ginin Hausa sak, har yau ana zuwa kallonsa.

Yayin da hannu ke aiki, baki ya riƙa ba da labari. Ba wa'azi ba, hira. Luka sura 2 ita ke da makiyaya da komi, Matiyu sura 2 ita ke da tauraro da masanan da suka zo daga gabas. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, don haka babu kakar da za ta ce harshe ya hana ta. Yaro zai tambaya, me ya sa ba su samu ɗaki ba, jakin na waye, jaririn bai ji sanyi ba? Ku amsa abin da ke rubuce, wanda ba a rubuta ba ku ce ba a faɗa ba. In ya gina masana biyar maimakon uku, ku bar shi. Matiyu bai faɗi adadinsu ba. Kyautai ne ya lissafa guda uku, zinariya da lubban da mur. In akwai ɗan lubban a gida, a ɗora a garwashi ya shaƙi ƙamshin, ba zai manta sunan ba.

Bishiyar Kirsimeti ba ni da faɗa da ita. Daga Jamus ta fito, ta bazu sosai bayan da wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da ita a 1848. Mai hali ya sayi ta roba, babu laifi. Wanda ba shi da shi ya sare busasshen reshe mai yatsu da yawa, marar ƙaya, ya kafa a gwangwani cike da yashi. Ado ne aikin yara. Tsohuwar kalanda, takardun jarrabawar zangon da ya wuce, kwalin sabulu, takardar alewa mai ƙyalli, duk kaya ne. A yanka takarda dogo-dogo kamar faɗin yatsa biyu, a naɗe ɗaya a manne bakinta, a zura ta biyu a ciki a manne, haka har sarƙa ta kewaye falo. Ɗan shekara uku ma yana iya zurawa, yayarsa ta manne. Gam ba sai an saya ba: a dama sitacin rogo cokali ɗaya da ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kauri, a bari ya huce. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana shi ma yana kamawa.

Launi kuma yana cikin kicin ɗinku. Zoɓo da aka dafa da ruwa kaɗan yana ba da ja, kurkum yana ba da rawaya, gawayi baƙi, bular wanki shuɗi, farar ƙasa fari. Ga wani abu da ke sa yara ihu: a zuba ruwan zoɓo a kofi biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya, a ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na lemun zai ƙara ja ya yi haske, na kanwa zai juye ya yi duhu, tsakanin shuɗi da kore. Tsami da kanwa ne ke juya launin da ke cikin furen. Ku bar yaro ya ɗiga da kansa. Da tsinke da aka tauna bakinsa ko gashin kaza zai yi fenti. Ya tsoma tafin hannu a ruwan kurkum ya danna a kan kwali, a rubuta sunansa da shekara a ƙasa, ga katin gaisuwa na kaka ya samu. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, wani Bature Henry Cole ne ya sa aka yi a Landan a 1843, amma ku tambayi kowace tsohuwa wanne za ta ɓoye a cikin Littafinta, na kanti ko mai tafin jikanta.

In Makarantar Lahadi za ta yi wasan kwaikwayo, kada ku kai kuɗi wurin tela don rigar mala'ika ta rana ɗaya. Farin zanen gado, fikafikan kwali, tawul a ka da igiya, sandar kara, an gama makiyayi. Gwangwanin madara da 'yan tsakuwa a ciki, a toshe bakin da kyau, ya zama caki, yaro ya bi Zumuntar Mata da kaɗawa. Wannan ba sai na daɗe a kai ba, malaman Lahadi sun fi ni sani.

Mu shiga kicin, don nan ne maganar ta fi nauyi. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma wanda ya faɗi haka bai yi girki da 'yan shekara huɗu ba. Gaskiya ita ce aikin zai fi daɗewa, fulawa za ta zube, wani zai yi kuka. Saboda haka kada ku sa yara a girkin ranar bikin kanta, lokacin da shinkafa ke wuta, nama na kasko, ana jiran a tafi sujada. Ku ware musu tasu rana, kwana uku ko huɗu kafin nan, da rana tsaka bayan sun ci sun ƙoshi. Cincin shi ya fi dacewa, don yana ajiyuwa makonni in an rufe shi da kyau, kuma kusan duk aikinsa na hannu ne, wuta sai a ƙarshe.

Ga yadda nake yi, kowane gida kuma da nasa hannu. Fulawa kofi 4, sukari kofi 1 wanda bai cika ba, bota cokali 4 manya, ƙwai 2, madarar ruwa kamar rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri, da gyaɗar ƙamshi da aka goga. A fara da wanke hannu da sabulu, har da na uba in ya shigo, a ɗaure kai. Tankaɗe fulawa aikin ƙarami ne, ku ba shi rariya ku sa babban faranti a ƙasa. Murza bota cikin fulawa da yatsu har ta yi warawara, wannan ma nasu ne, kuma suna sonsa. Fasa ƙwai a ba wanda ya kai shekara shida ko bakwai, a wani kofi dabam, don in ɓawo ya faɗa a tsince, in ƙwan ya lalace bai ɓata kwaɓin ba. Madara a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Kwaɓin cincin da tauri ake sonsa, wanda ba ya kama hannu. In ya yi ruwa zai sha mai. A rufe shi ya huta kamar minti 15, yara su sha ruwa, a goge tebur.

Sai a gutsura wa kowa nasa curi. Kwalba wankakkiya ta isa abin murzawa. Ke uwa ki yanka naki ƙanana daidai wa daida, na baƙi ke nan. Nasu kuwa su yi abin da suka ga dama: marfin kwalba yana fitar da da'ira, bakin kofi yana fitar da wata, wuƙar roba ko bayan cokali yana yanka. Za a yi tauraro, za a yi kifi, za a yi wani abu da mai shi zai rantse akuya ce. Abu ɗaya kawai za ki tsaya a kai, kada ya yi kauri, don mai kauri yana ƙonewa a waje cikinsa ɗanye. Kuma a hana su cin ɗanyen kwaɓi, akwai ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa a ciki, suna iya ɓata ciki. A soya na yara dabam, a zuba wa kowa a nasa gwangwani. Za ki ga yadda zai riƙa buɗewa yana ƙirgawa, da yadda zai tare babansa a ƙofa da tauraro mai ƙonannen gefe.

Yanzu ku saurare ni da kyau, don a nan ba na wasa. Da an ɗora mai a wuta, aikin yara ya ƙare. A ja layi da gawayi a ƙasa, ko a sa benci, a ce daga nan ba a wucewa. Kada a soya da goyo a gaba, kada a bar mai rarrafe a tsakar gida ba mai riƙe da shi. Kurfoti da risho a ƙasa suke, daidai tsayin yaro, kuma kasko cike da mai ba ya bukatar fiye da tuntuɓe ɗaya. Man cincin yana kumfa yana tasowa, saboda haka kada a cika kasko fiye da rabi, kuma a kakkaɓe garin fulawa kafin a zuba. In mai ya kama da wuta, kada a watsa ruwa, wutar tashi za ta yi ta bi mutum. A kashe risho ko gas, a rufe da murfin ƙarfe. In tsautsayi ya sa yaro ya ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ana kwarara kamar minti 20. Ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba gishiri, ko wace tsohuwa ce ta ce a sa, har da ni. A rufe da tsumma mai tsabta, in ƙunar tana da faɗi ko a fuska ko hannu take, a tafi asibiti.

Tunda na shiga wannan, bari in ƙarasa. Gyaɗa guda-guda, da aya, da ƙananan alewa masu tauri, ba na yaron da bai kai shekara biyar ba ne, suna sarƙewa a maƙogwaro. Fasasshen balan-balan ma haka, a tsince shi nan take. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Ɗan batir ɗin nan mai kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa masu walƙiya, in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙoshi cikin 'yan awoyi, asibiti ake gudu ba a jira. Kananzir kada a zuba shi a kwalbar lemo a lokacin da gida ya cika da kwalaben lemo. Kyandir kuma kada ya kusanci rumfar kara da sarƙar takarda, a hunturu komai a bushe yake. Nokawut kuwa, wato abin fashewar nan na wasa, 'yan sanda kan hana shi a jihohi da dama, ni ma na hana.

Wanda ba shi da tanda kada ya ce kek ya fi ƙarfinsa. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a rufe, a ɗora a wuta ya yi zafi sosai, a jera gwangwanayen madara ko na kifi da aka wanke aka shafa wa bota, a zuba kwaɓi rabin gwangwani, a rufe, a rage wuta. Yara su shafa botar, amma a duba bakin gwangwanin tukuna, in yana da kaifi a daddanne shi. A soka tsinke, in ya fito a bushe ya nuna. Da wannan tukunya ake gasa biskit ɗin citta. Turawa, musamman a Jamus da Ingila, suna yin mutum-mutumi da 'yan gidaje da shi a wannan lokaci, kuma cittar da ake nomawa a Kaciya da ƙasar Jaba a kudancin Kaduna tana cikin wadda ake fitarwa ƙasashen waje. Bayan annobar da ta faɗa wa gonakin citta a 2023 ta yi tsada, amma ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na garinta ya isa kwaɓi guda. Fulawa, bota, sukari, citta, ɗan kanumfari, ƙwai ɗaya. Yaro ya yanka mutum, ya yi masa ido da tsinke.

Abin sha ya fi sauƙi. Tsince zoɓo, wanke aya, cire ƙwallon dabino, ɓare lemun zaƙi, duk aikin ƙananan hannu ne, kuma babu wuta a kusa. Kunun aya dai ku tuna ba ya jure zafi, in babu sanyi yini ɗaya ya yi tsami, a yi shi ranar da za a sha. Tuwon madara ma yara suna jin daɗin mulmula shi, in babba ya dafa sukarin ya kwaɓa ya bari ya huce. A rage sukari a komai. Yaron da ya yini yana lasar cokali ba zai ci tuwon dare ba, kuma ku za ku kwana da rigimarsa.

Kada a ce kicin na mata ne a kori 'ya'ya maza. Wanda ya iya murza cincin yana ɗan shekara biyar ba zai zauna da yunwa a makarantar kwana ko wurin bautar ƙasa ba. Haka ita ma 'yar a bar ta ta soka kara. A raba aiki bisa shekaru, kuma a sa ido kan babban yaro, don yakan ƙwace komai ya bar ƙanensa da kallo. Hankalin ƙaramin yaro ba ya daɗewa a abu ɗaya. In ya yi minti goma ya gudu, ya yi nasa, kada a jawo shi da tsawa. Kwatanta na wannan da na wancan kuma, "dubi na yayarka yadda ya yi kyau," shi ke kashe abin gaba ɗaya.

Sai ranar kanta. A garuruwanmu, daga Kafanchan zuwa Jos, daga Billiri zuwa Numan, har Maraɗi da Dogonduci, mun tashi mun ga kwanuka suna fita daga gidan Kirista ranar Kirsimeti suna shiga gidan Musulmi, kamar yadda suke fitowa daga can ranar Sallah. Rikice-rikicen da aka sha sun raba unguwanni a wasu wurare, har akwai yaran da suka girma ba su taɓa ganin wannan ba. Inda hali ya bari, ku raya shi, kuma yaro ne ɗan aike. A zuba shinkafa da miya a kula, a ƙulla cincin a leda, a sa har da 'yan taurarin da ya yanka. A koya masa abin da zai faɗa: ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce "Mama ta ce a kawo, tana gaishe ku." Za a ce masa "An gode, Allah ya maimaita mana," wataƙila a ba shi tukuici. In ƙarami ne a haɗa shi da babba, kuma ba a aika yaro nesa ko bayan magariba.

Akwai ladabin wannan rabo da ya kamata ku sani. Gidaje da yawa na Kirista, in za su yanka akuya ko kaji, sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Haka iyayenmu suka yi, kuma ban ga abin da ya rage musu ba. Wanda gidansa ake dafa abin da maƙwabci ba ya ci, ya ware tukunya da cokali, ko ya aika da abin da babu shakka a kansa, cincin, kek, lemo, ɗanyar shinkafa. In yaro ya tambayi dalili, a gaya masa kai tsaye: su ba sa cin kaza da kaza, mu kuma muna so su ci namu. Ya isa. Kuma kada rabon ya tsaya ga masu iya mayarwa. Gwauruwar da ke zama a bencin baya a coci, tsohon da 'ya'yansa ba su zo gida bana ba, mai gadin layi, waɗanda rikici ya koro suke zaune a gidan aro, a sa yaro ya ambaci mutum ɗaya da kansa. Wani lokaci sunan da zai kawo ba wanda ya tuna da shi a cikinku.

Na san akwai waɗanda ke karanta wannan suna cewa, Kaka, mudun fulawa nawa ne yanzu? Na sani. In kofi 4 ya yi yawa, a yi 2, a cire ƙwai, cincin zai yi, sai dai ya fi tauri. In fulawar ba ta samu ba, akwai gugguru, akwai kantun riɗi, akwai dankalin Hausa da za a gasa a toka, akwai masar da yaro zai taya wanke shinkafarta. Gidaje biyu ko uku suna iya haɗa kuɗin mai su yi suya wuri ɗaya, uwa ɗaya tana kasko, ɗaya tana tsare yara, kuma man da ya rage a raba. Bashin Disamba kuwa ku guje shi, don kuɗin makaranta na jira a farkon Janairu.

In an gama, yara su taya kwashe kaya: su share fulawa, su wanke kofuna na roba, su tattara guntayen takarda. Rumfar kara a ɗora ta inda kaji da akuya ba za su kai ba, don akuya ba ta san Baitalami ba, rufin za ta fara ci. Bayan sabuwar shekara kara zai fara karyewa, a bar shi ya tafi murhu. Mutanen yumɓu kuwa a zaɓi biyu ko uku na kowane yaro, a rubuta shekara a gindinsu da ƙusa tun suna ɗanye, a naɗe a tsohuwar jarida, a sa a gwangwani mai murfi saboda damina. Wanda yake so su daɗe ya kai wa mai ginin tukwane ta gasa su tare da nata ranar da za ta yi gashi, amma sai sun bushe sarai, in ba haka ba fashewa za su yi a wuta.